SUKUWA: RANAR DA DOKINKA BAI CI BA



Sukuwar dawaki tsohon wasa ne a ƙasarmu. Ana yin ta ran salla, ana yin ta ran buki, ana yin ta in babban baƙo ya zo gari. A manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, jama'a na cika fili domin kallo. A ƙauye kuwa, da an kawar da amfanin gona, fili ya samu.

Kowa na son ya ga dokin garinsu a gaba. Amma mu yi lissafi. In dawaki 12 suka tashi tare, guda nawa zai zo na ɗaya? Guda ɗaya tak. Sauran 11 za su koma gida hannu sake. Ke nan a kowace sukuwa, waɗanda ba su ci ba sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya ci, makaɗa na yi masa kirari. Sauran kuwa ba mai ba su shawara. Domin su muka rubuta wannan bayani.

HASARA IRI BIYU CE

Hasara ta farko ita ce rashin ci. Wannan ƙarama ce. Wata rana a sha zuma, wata rana a sha maɗaci.

Hasara ta biyu ita ce wadda mutum ke jawo wa kansa bayan an tashi daga fili. Mai doki ya yi fushi ya zane dabbarsa. Ko ya kori yaron da ya hau. Ko ya sayar da dokin da araha ran kasuwa. Ko ya ce maƙwabcinsa ne ya yi masa sammu, zumunci ya ɓaci. Wani kuma saboda ɓacin rai sai ya ɗaure dokin a turke ya tafi, bai duba shi ba. Da safe a tarar da doki kwance.

Hasara ta farko ba kullum ake iya tsare ta ba. Ta biyu kuwa tana hannunmu. Ga yadda za a kauce mata.

AWA TA FARKO: A FARA DA DOKI

Dokin da ya zo na ƙarshe ya yi gudu iri ɗaya da wanda ya zo na farko. Sau da yawa ma ya fi shi shan wuya. Saboda haka kafin gardama, kafin neman mai laifi, a kula da shi.

1. A sauka, a sassauta majayi, a cire sirdi.

2. A ja shi da ragama ana tafiya sannu sannu, a kai shi inuwa inda iska ke bugawa.

3. A zuba masa ruwa a jiki, tun daga wuya har gindin wutsiya, da ƙafafu. A yi ta zubawa har fatarsa ta yi sanyi. Da can ana cewa ruwan sanyi na ɓata doki mai zufa. Kafin manyan wasannin duniya na Olimpik da aka yi a garin Atlanta ta Amurka a shekarar 1996, likitocin dabbobi sun bincika wannan magana. Sun tabbatar ruwan sanyi ba ya cutar da shi, kuma shi ne ya fi saurin sauke zafin jiki.

4. A ba shi ruwa mai tsabta ya sha. Doki mai aiki cikin zafi yana iya zubar da zufa lita 10 ko fiye a awa guda. Sai ya mayar da abin da ya fita.

5. Kada a ba shi hatsi nan take. A jira numfashinsa ya kwanta sarai. Ciyawa ko harawa kaɗan ta isa da farko.

Bayan haka a auna shi. Ga ƙa'idar doki mai lafiya in yana hutawa:

- Bugun zuciya: tsakanin 28 da 44 a minti guda. Ana jin sa da yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi.
- Numfashi: tsakanin 8 da 16 a minti guda. A dubi kwiɓinsa a ƙidaya.
- Zafin jiki: digiri 37 da rabi zuwa 38 da rabi. Ma'aikacin kiwo na da ma'auninsa.

Lokacin sukuwa zuciyar doki na bugawa fiye da sau 200 a minti. Dole ta sauka in ya tsaya. In rabin awa ya wuce tana sama da 60, akwai magana.

A ɗaga leɓensa a dubi dasashi. Mai lafiya, dasashinsa na da damshi, launinsa ja-ja mai haske. A kama fatar wuya da yatsu biyu a saki. In ta koma nan da nan, da sauƙi. In ta tsaya a tsuke, jikinsa ya rasa ruwa.

A kira ma'aikacin kiwo ba tare da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: doki na tangaɗi, ya ƙi shan ruwa, ba ya iya taka ƙafa guda, jini na zuba daga hanci bai tsaya ba, ko yana birgima yana waiwayen cikinsa.

IN MAHAYI YA FAƊI

Masu hawan sukuwa yawanci samari ne da yara marasa nauyi. Doki ana sayen wani. Ɗa kuwa ba a sayen sa a kasuwa.

In mahayi ya faɗi, kada a fizge shi a ce ya tashi ya nuna shi namiji ne. A tambaye shi inda ke masa ciwo. In wuya ne ko baya, ko ya ce ba ya jin hannunsa ko ƙafarsa, kada a lanƙwasa shi. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a nemo likita. In dole sai an ɗauke shi, mutane da yawa su kama tare, a aza shi bisa katako ko ƙyaure a miƙe.

Buguwar kai mugun abu ne, domin ba kullum ake ganin jini ba. Ga alamun haɗari: suma ko da ta ɗan lokaci ce, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, magana ba kan gado, mantuwa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Wanda ya nuna ko guda ɗaya, a kai shi gidan likita ranar. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Wanda kansa ya bugu kada ya sake hawa ranar, ko da ya ce ya warke. Sai likita ya yarda. Bugu na biyu a kan na farko ya fi na farko haɗari.

Raunin da ƙasa ko kashin doki ya shiga, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu. A tambayi likita maganar allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki.

Rigakafi ya fi magani. Hular kwano mai ɗauri a haɓa tana tsare kai. 

A BAR FUSHI YA KWANA

Ɓacin rai bayan rashin ci ba abin kunya ba ne. Mutum ya yi wata da watanni yana yankan ciyawa, yana ɗiban ruwa, yana fita kilisa da asuba. Minti 2 ko 3 suka share wahalarsa. Dole ransa ya ɓaci. Amma fushi ba ya ba da shawara mai kyau.

Mu ɗauki wannan ƙa'ida: ranar sukuwa ba a yanke hukunci. Ba a sayar da doki, ba a korar mahayi, ba a kai ƙara. A bari a yi kwana 3. Abin da ya zama gaskiya ran Lahadi, gaskiya ne har ran Laraba.

Dukan doki bayan an gama gudu ba ya koya masa kome. Doki ba ya iya haɗa bulalar da aka yi masa a gida da gudun da ya yi a fili. Abin da zai riƙe shi ne tsoron mai shi. Dokin da ya tsorata kuwa shi ke tirjewa a bakin fili, shi ke kayar da mahayi.

Yaron da ya hau, shi ma ransa a ɓace yake. Zagin sa gaban jama'a yana karya masa zuciya. Mahayin da zuciyarsa ta karye yana hawa a ɗarare, doki kuma yana jin haka a linzami da ƙafa. Mai doki ya ce masa: "Sannu da ƙoƙari, je ka huta, gobe ma yi magana." Wannan kalma ta fi bulala amfani.

Wanda ya ci kuma, a je a yi masa barka. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ka yi wa barka bana, shi zai zo gidanka baɗi.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

In hankali ya kwanta, sai a zauna: mai doki, mahayi, da mai ba dokin abinci. A gayyato dattijo wanda ya san dawaki. A bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ƙafa. A ja doki ya yi sassarfa bisa ƙasa mai tauri. In ƙafar gaba ce ke ciwo, zai ɗaga kai duk lokacin da ya taka ta. A shafa ƙafafu huɗu da hannu, a gwada ta dama da ta hagu. A nemi zafi ko kumburi, musamman a jijiyar bayan ƙwauri. A ɗaga kofato, a share shi, a duba ƙaya ko tsakuwa ko tsagewa. Kofaton da ya yi tsawo ba a gyara ba yana jan jijiya.

Abinci. Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga sai ya wuce ta baya. Wasu na cika wa doki gero ko dawa daren sukuwa wai ya yi ƙarfi. Wannan na kawo murɗar ciki da ciwon kofato. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ciyawa da harawa su ne tushen abinci. Hatsi ƙari ne, a raba shi sau 3 a wuni, kada ci guda ya wuce rabin tiya. In za a sauya abinci, a sauya kaɗan kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10. Hatsi ko harawa mai fumfuna, a zubar.

Ruwa da gishiri. Doki na shan lita 25 zuwa 40 a wuni, da bazara ma fiye da haka. Hana shi ruwa tun daren sukuwa wai ya yi sakayau kuskure ne. Zufa na fita da gishiri, saboda haka a ajiye masa gishirin lasa kusa da turke.

Zafi da tafiya. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a ƙasarmu. Dokin da aka hau daga ƙauye mai nisa da rana tsaka, ya iso ya shiga fili, ya riga ya yi rabin gudunsa a hanya. A zo da shi tun jiya, ya kwana, ya huta.

Ciwo. Dokin da ke tari, ko majina na zuba, ko ya rage cin abinci, bai kamata ya shiga fili ba. A shekarun 2018 da 2019 murar dawaki da jakai ta ratsa Nijar da ƙasashen maƙwabta, ta kashe jakai dubbai. Irin wannan ciwo a wurin taro yake yaɗuwa. Kada a haɗa bokitin ruwa da baƙin dawaki. Da damina kuma akwai mugun ciwon dawaki wanda ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke kawowa. Akwai allurar rigakafinsa, a tambayi ma'aikatar kiwo. Tsutsar ciki ita ma tana cin ƙarfin doki a ɓoye: yana ci amma ba ya ƙiba, gashinsa ba ya sheƙi.

Kayan hawa. A shafa bayansa inda sirdi ke zama. In ya lanƙwashe ko ya kai cizo, sirdi na ƙuje shi. A dubi gefen baki da harshe, ko linzami ya yanke shi. Haƙoran ciki in sun yi kaifi suna yankar kumatu, doki ya riƙa kaɗa kai maimakon ya miƙe da gudu.

Shekaru da horo. Ƙashin doki ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara 5 ko 6. Dukushin da aka matsa wa tun yana ƙarami, ƙafarsa ba ta daɗewa. Haka kuma dokin da ya wuni a turke wata 3, aka kwance shi saura sati guda, ba shi da numfashin sukuwa. Horo na son watanni.

Hawa. Mahayi ya faɗi gaskiya ba tsoro. Ya makara wajen tashi? Ya saki doki gaba ɗaya tun farko har ya gaji kafin ƙarshe? Ya buɗe da yawa a kwana? Kowane doki da halinsa. Wani na son gaba tun farko, wani sai an riƙe shi an sake shi daga baya. Wani gajeren zango ya iya, wani dogo.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mai ɗaci: ko dai dokin wancan ya fi namu gudu? In haka ne, ba laifin kowa. Sai a nemi rukunin da ya dace da shi.

Mutane da yawa, da an kayar da su, sai su ce baki ne ko sammu. Wanda ya tsaya nan, ya rufe ƙofar bincike. Ƙayar da ke cikin kofato tana nan tana ruɓa, shi kuwa yana gaba da ɗan'uwansa.

GA AMFANIN KARATU

Ku da ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci, ga inda iliminku zai yi aiki. A sayi littafin rubutu, wato kaye, a ware shi domin doki. Kowace rana a rubuta:

- kwanan wata
- abin da ya ci, da yawansa
- bokiti nawa ya sha
- nisan kilisa
- bugun zuciyarsa da safe
- allura ko maganin da aka ba shi

Ranar sukuwa a ƙara: garin da aka yi, tsawon zango, ƙasa mai yashi ce ko mai tauri, wa ya hau, na nawa ya zo.

Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa. Misali: mutum ya duba kayensa ya ga sau 3 dokinsa ya yi baya, kuma duka ukun a fili mai zurfin yashi ne. To ya gano bakin zaren. Ko ya ga kullum da safe zuciyar dokin na bugawa 36, yau ta kai 50. Ya san akwai ciwo tafe tun kafin doki ya kwanta. In ma'aikacin kiwo ya zo, a miƙa masa kayen. Aikinsa zai yi sauƙi.

HANYOYIN DA KE ƘARA ƁARNA

Wanda aka kayar yana saurin karɓar kowace shawara. A yi hattara da guda 3.

Ta farko, ƙwayoyi irin su tramol, ga doki ko ga mahayi. Ƙwaya tana ɓoye ciwo, ba ta warkar da shi. Ciwo shi ke gaya wa doki ya rage gudu. In an ɓoye shi, doki zai yi ta gudu bisa ƙafa mai rauni har ta karye. Mahayin da ya sha kuwa hankalinsa ba ya tare da shi, yana iya kashe kansa ya kashe wani.

Ta biyu, allurar kasuwa daga hannun wanda bai koyi aikin ba. Ba a san abin da ke cikin kwalbar ba, ba a san ranar da ta lalace ba.

Ta uku, ƙona jijiya da ƙarfe mai zafi. Wuta ba ta ɗinke jijiya. Gyambo take ƙarawa bisa ciwo, ta buɗe wa tetanos ƙofa. Sabon kumburi, ruwan sanyi yake so: minti 20, sau 2 ko 3 a wuni, tare da hutu.

HUTU DA KOMOWA

Sauri ya haifi nawa. Gajiya ta kwanaki ce. Bayan mura ko zazzaɓi, doki na bukatar satuttuka kafin ya koma gudu, ko da ana ganin ya warke. Jijiyar ƙafa in ta ɓaci tana cin wata 9 zuwa shekara guda. Kumburi na saɓewa tun kafin jijiya ta yi ƙwari. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su mayar da doki fili, jijiyar ta sake tsinkewa.

Komowa hawa-hawa ake yi. Da farko a ja shi da hannu. Daga nan a hau ana tafiya. Sai sassarfa. Sukuwa ita ce ta ƙarshe. In zafi ko kumburi ya dawo, a koma matakin baya.

Mahayin da ya faɗi, shi ma haka. Tsoro bayan faɗuwa ba ragwanci ba ne. A fara ba shi doki mai sanyin hali, ya yi kilisa da abokansa, har zuciyarsa ta dawo. Ba'a da dariya ba sa cire tsoro.

Wani dokin kuma ya gama sukuwa ke nan. Wannan ba ƙarshen amfaninsa ba ne. Yana hawan salla, yana kai mai shi kasuwa, in irinsa mai kyau ne a samu ƴaƴa daga gare shi.

RUMBU NA IYALI NE

Akwai mai cewa: an kayar da ni yau, sai na rama. Ya sa kuɗi a caca. Ya ci bashi. Ya buɗe rumbu yana ɗura wa doki hatsin yara. Mu yi lissafi. In doki na cin tiya guda a wuni, a wata tiya 30 ke nan, a shekara tiya 360. Kowa ya auna wannan da abin da gonarsa ke bayarwa. Tun farkon kaka a ware rabon doki, a tara harawa da ciyawa. Abin da aka ware wa iyali kada a taɓa shi domin neman tuta.

LABARI DAGA INGILA

Rashin ci ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A Ingila, kusa da garin Libaful, akwai wata babbar sukuwa da ake kira Giran Nashinal. Tsawonta wajen kilomita 7, kuma dawaki na tsallake shinge sau 30.

A shekarar 1956 wani doki mai suna Debon Lok, na uwar sarauniyar Ingila, ya tsallake shingen ƙarshe yana gaba. Saura mita kamar 40 ya kai, sai ya zube bisa cikinsa, ba wanda ya taɓa shi. Na bayansa ya wuce ya ci. An duba shi ba karaya. Har yau masana ba su haɗu a kan dalili guda ba. Wannan na koya mana cewa wata rana za a bincika kome, ba a ga laifin kowa ba. Sai haƙuri. Mahayin, Dik Faransis, ya bar hawa a 1957, ya kama rubutu. Ya rubuta littattafai sama da 40, sunansa ya zaga duniya.

A shekarar 1979 likitoci suka gaya wa wani mahayi, Bob Campiyon, cewa yana da ciwon daji. Ya yi watanni yana shan magani mai wahala. A wannan shekarar kuma dokin da yake hawa, Aldaniti, ya ji mugun ciwo a ƙafa. Masu shi ba su yar da shi ba, ba su kuma gaggauta shi ba. Ya yi fiye da shekara bai shiga fili ba. A 1981 su biyun suka dawo tare, suka ci Giran Nashinal. Dokin na da shekara 11.

Akwai kuma Toni Makoi, mutumin Ailan ta Arewa. Shekara 20 a jere shi ne zakaran masu hawan tsallake shinge a Ingila, har ya bar hawa a 2015. Ya ci sukuwa sama da sau 4,000. Duk da haka, cikin kowane hawa 4, wajen 3 bai ci ba. Giran Nashinal kuwa sau 14 yana gwadawa ba nasara. Sai a karo na 15, a shekarar 2010, ya ci.

Ku duba: gwanin gwanaye ma ranakun rashin cinsa sun fi na cinsa yawa. Abin da ya raba shi da saura shi ne, in an kayar da shi yana gyara abin da zai gyaru, ya sake hawa.

ABIN DA ZA MU RIƘE

1. A sanyaya doki, a shayar da shi, a duba shi, kafin kowace magana.
2. Wanda kansa ya bugu, sai gidan likita.
3. Ba a yanke hukunci sai bayan kwana 3.
4. A nemi dalili a ƙafa, abinci, ruwa, zafi, ciwo, kayan hawa, horo da hawa.
5. A rubuta kome a kaye.
6. Ba ƙwaya, ba allurar kasuwa, ba wuta.
7. A ba doki hutunsa cikakke.
8. Kada sukuwa ta ci rumbun gida.

TAMBAYOYI DOMIN MAHAWARA A MAKARANTA

- Dawaki 15 suka yi sukuwa, aka ba 3 na gaba kyauta. Nawa suka koma ba kyauta?
- Doki na shan bokiti 4 a wuni, kowane bokiti lita 10. Lita nawa ke nan a sati?
- A garinku, me ake yi wa dokin da ya zo baya? Me ya kamata a sauya?
- Wa ya san inda ma'aikacin kiwo mafi kusa yake zaune? Kilomita nawa daga garinku?

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, musamman masu dawaki da iyayen yara masu hawa. Wanda ke da wata dabara da ya gada ko ya gwada, ya rubuto da hannunsa, ya ba malamin makarantarsu ya aiko mana, domin sauran ƴan'uwa su amfana.

Allah ya tsare mahayi da abin hawansa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.